Fastar fim ɗin ban tsoro: tambayoyin da ake yawan yi mini a maɗaba'a a Jidda

Sana'ata zane a kwamfuta da fitar da shi a takarda. A wata ƙaramar maɗaba'a nake aiki a Jidda, inda yawancin abin da muke bugawa allon shaguna ne da katin biki da takardar jerin abinci. An buɗe gidan sinima na farko a Riyad ranar 18 ga Afrilu 2018, bayan fiye da shekara 30 babu su a ƙasar, na Jidda kuma ya biyo baya a Janairun 2019. Tun daga nan fastocin fina-finai suka zama abin da ake wucewa ta gabansu kullum a manyan kantuna. Matasanmu masu koyon zane, da masu haɗa gajerun fina-finai da wayoyinsu, da iyaye mata da ke bi ta wurin riƙe da 'ya'yansu, kowa da tambayar da yake kawo mini, kuma mafi yawansu a kan fastar fim ɗin ban tsoro suke. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa. Misirawan da muke aiki tare "afish" suke ce mata, ni kuwa fasta zan ce, yadda muka saba.

Yaya, me ya sa tun daga nesa nake gane fim ɗin ban tsoro ne, ban ma karanta sunansa ba?

Launi ya riga rubutu isa ido. Tsaya a bakin sinima ka dubi jerin fastocin. Ta barkwanci fara ce tas ko rawaya, jarumai na dariya. Ta faɗa shuɗi ce da ruwan lemo, wuta na tashi a baya. Ta yara launuka ne birjik. Sai ka ga guda ɗaya wadda duhu ya cinye kusan dukkanta, da ɗan ja a wuri ɗaya, da ɗan fari da ke nuna maka inda za ka kalla. Launi uku ke nan, kowanne da aikinsa. Baƙin wuri ne da aka bar wa mai kallo ya cika shi da abin da ke ransa. Ja launin jini ne, launin gargaɗi kuma, in aka ɗora shi a kan baƙi ko ɗigo ɗaya ne sai ido ya faɗa masa. Fari shi ne ɗan hasken da ya rage, fitila ko taga ko fuska.

Abu na biyu da idonka ke kamawa ba tare da ka lura ba shi ne fili. Sauran fastoci cika su ake yi da kawunan jarumai, domin sunan jarumi ke sayar da tikiti. Fim ɗin ban tsoro kuwa sau da yawa da ƙaramin kuɗi ake yinsa, da 'yan wasan da ba a sani ba, saboda haka babu fuskar da za a tallata. Sai mai zane ya sami sararin da sauran ba su samu ba: ya ajiye abu ɗaya tak, ya bar ragowar takardar wayam. Shi ya sa da yawa cikin masu sana'armu suka fi son wannan aikin a kan kowane.

To dole ne sai baƙi da ja?

A'a. Al'ada ce, kuma waɗanda suka karya ta da sani sun fi zama a zuciyar mutane. Fastar da Saul Bass ya zana wa The Shining a 1980 rawaya ce shar, da baƙin rubutu, da wata fuska a razane da ke leƙowa daga cikin harafin farko. Ta Rosemary's Baby a 1968 koriya ce, irin koren da ba na ganye ba, da keken jariri shi kaɗai a kan tudu. Saw a 2004 farin bango ta ɗauka, fari irin na ɗakin tiyata. Midsommar a 2019 rana ce tsaka, da furanni a kan wata mace mai kuka.

Abin da ya haɗa su shi ne sun ɗauki launin da aka saba gani a wurin kwanciyar hankali, suka sa shi inda bai dace ba. Shawarata ga mai koyo ita ce ya fara ƙwarewa da baƙi da ja ɗin, domin su ne suke koya wa mutum ƙanƙanta kaya. Wanda bai iya tsorata mutum da launi uku ba, goma ba za su taimake shi ba.

Me ya sa ba sa nuna dodon sosai? Ai shi aka zo kallo.

Bahaushe ya riga ya amsa wannan: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Fasta tana rataye a bango makonni. Duk abin da aka nuna a kanta ƙarara, ranar farko zai ba da tsoro, ranar uku an saba da shi, ranar bakwai yara na kwaikwayonsa. Abin da aka ɓoye kuwa ba ya tsufa, domin kowane mai kallo da nasa dodon yake ƙarasa hoton.

Dubi fastar The Exorcist ta 1973, wadda Bill Gold ya tsara. Babu aljani a cikinta, babu yarinyar da labarin ke kanta, babu ko ɗigon jini. Mutum ne da hula da jaka a hannu, tsaye a ƙofar wani gida da dare kusa da fitilar titi, haske na zubo masa daga tagar bene. Shi ke nan. Amma duk wanda ya kalle ta ya san abu biyu: akwai wani abu a ɗakin can na sama, kuma mutumin nan shiga zai yi. Ni a wurina har yau ba a yi wadda ta fi ta ba. Ta Alien a 1979 ƙwai ne guda ɗaya a cikin duhu, ya fara tsagewa, koren haske na fita ta tsagar. Ba a nuna abin da zai ƙyanƙyashe ba. Ta It a 2017 yaro ne a rigar ruwa rawaya ya ba mu baya, wani daga cikin duhu yana miƙa masa jan balan-balan, fuskar mai miƙowar ba ta fito sosai ba.

Za a ce mini ai ta Jaws a 1975, wadda Roger Kastel ya zana, ta nuna kifin da haƙoransa duka. Haka ne. Sai dai a sake dubawa: can sama wata ce ke iyo hankalinta kwance, ba ta san abin da ke tasowa daga ƙarƙashinta ba. An nuna mana mu, an ɓoye mata ita. Tsoron yana cikin tazarar da ta rage tsakanin bakin kifin da jikinta, da kuma yadda ba mu da hanyar gaya mata. Yawancin fastocin da suka yi suna daƙiƙa ɗaya kafin abin ya faru suke kamawa. Ƙofa ta fara buɗewa, hannu ya ɗaga, ƙafa na kan matakala ta farko. Da zarar mai zane ya nuna bayan aukuwar abin, gawa ko jini malale, ya bar ban tsoro ya koma ban ƙyama, kuma waɗannan biyun ba hanyarsu ɗaya ba. Ƙyama kawar da kai take sa mutum. Tsoro kuwa riƙe ido yake yi.

Ido fa? Kusan kowace fasta sai na ga ido a zare.

Akwai dalili a jikin ɗan Adam. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai kamar ƙwayar almon da ake kira amigdala, mai saurin amsawa ga alamar haɗari. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2004 ya nuna cewa farin idon mutumin da ya firgita kaɗai, ko da an haska shi na ɗan lokacin da mai kallo bai ma san ya gani ba, yana motsa wannan sashe fiye da farin idon mai murna. Masu zanen fasta sun san wannan da hannunsu tun kafin a auna shi. Idon da ya zare yana cewa mai shi ya ga wani abu, kuma abin yana bayanka ko gefenka, inda takardar ba ta kai ba.

Sai kuma kishiyarsa, fuskar da aka ɓata: an rufe baki, an shafe ido, an sa abin rufe fuska, gashi ya zubo ya lulluɓe komai. Mun saba karanta niyyar mutum a fuskarsa, in aka hana mu sai hankali ya ƙi kwanciya. Wani masanin mutum-mutumin inji ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi rubutu a 1970 cewa abu yana ƙara shiga rai gwargwadon kamarsa da mutum, har sai ya kusa zama mutum sak amma da ɗan saura, a nan sai son ya juye ya zama tsarguwa. Wannan "ɗan saura" shi ne jarin mai zanen fasta. Wuya ya ɗan fi tsawo, murmushi ya ɗan wuce inda ya kamata ya tsaya, yatsu shida a maimakon biyar. Kaɗan ake yi. In ya yi yawa sai ya koma zanen barkwanci.

Kawu, me yara da 'yar tsana da tsohon gida suka yi da kullum su ake sawa?

Ɗan ƙanwata ne ya yi mini wannan, kuma tambaya ce mai kyau. Su ne abubuwan da zuciya ta amince da su. Kura a daji ba labari ba ne, kowa ya san daji da kura. Amma a ce haɗarin yana cikin ɗakin kwana, ko a hannun yarinya mai wasa, to an taɓa wurin da mutum ke gudu ya fake. Shi ya sa ake ɗaukar hoton gidan daga ƙasa, ya yi wa mai kallo rumfa, a kashe duk fitilu a bar taga ɗaya. Shi ya sa ake sa yaron ya ba da baya, ko a ajiye shi ƙanƙane a tsakiyar fili mai faɗi. Girman abu a kan takarda shi ke faɗin wa ke da ƙarfi: mutum ƙarami a ƙasa, duhu babba a samansa.

Gaskiya an gaji da wasu daga cikinsu. Matar da gashi ya rufe wa fuska, da hannun da ke fitowa daga ƙasa, da bishiyar da ba ganye, an maimaita su har sun daina cizo.

Rubutun sunan fim ɗin, akwai ƙa'ida a kansa?

A nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Abu na farko da suke nema shi ne haruffan da jini ke ɗiga daga jikinsu. Waɗannan sun dace da tallar bikin yara ko fim ɗin da ke son a yi dariya, amma fim ɗin da ke son a ji tsoro da gaske kusan kullum haruffa masu natsuwa yake ɗauka, sirara, manya, a ware su da tazara. Akwai samfurin haruffa mai suna Trajan da Carol Twombly ta tsara a 1989, wanda ta samo daga rubutun da aka sassaƙa a gindin wani ginshiƙi a birnin Rum kusan shekara 1,900 da suka wuce. Yana da kamar rubutun kan dutsen kabari, shi ya sa ya cika fastoci. Akwai Benguiat na ƙarshen shekarun 1970, mai ƙugiyoyi masu kaifi, wanda ya zauna a bangon littattafan ban tsoro na shekarun 1980 har ya zama da ganinsa an tuna wancan zamani. Sunan Psycho kuwa, Tony Palladino ne ya tsaga haruffansa don bangon littafin a 1959, aka ɗauko shi haka zuwa fastar fim ɗin a 1960. Harafi ne mai kauri, lafiyayye, da tsaga ɗaya ta ratsa shi. Tsagar nan ɗaya ta fi ɗigon jini ɗari.

A nan Saudiyya akwai ƙarin aiki, domin sunan yakan zo da Larabci ko da harsuna biyu. Rubutun Larabci haɗe yake, ba a iya ware haruffansa yadda ake ware na boko, sai dai a ja layin da ke tsakaninsu. Wannan jan kuwa makami ne: kalma gajera a ja ta ta yi tsawo, siririya, kamar numfashin da aka riƙe. A cikin salon rubutun Larabci, Kufi mai kusurwoyi yana ba da sanyi da tauri. Ruƙ'a da aka rubuta da busasshen buroshi tana ba da gaggawa, kamar wanda ya rubuta yana gudu. Suluṣi da Diwani ni ina kauce musu a wannan aikin, domin ido ya saba ganinsu a masallaci da takardun girma. Kuma a tuna mai karanta Larabci daga dama idonsa ke farawa. In kana son ya fara ganin yaron sannan ya gano abin da ke laɓe, to yaron a dama, abin laɓen a hagu. Fastar da aka tsara a Amurka akasin haka aka gina ta.

Ga masu rubuta suna da Hausar boko: kafin ka ƙaunaci samfurin haruffa, gwada ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani samfurin, harafi ɗaya ya fito bare a tsakiyar kalma. In babu, zana ƙugiyar da hannunka. Kada ka cire ta. Fim mai suna "Ƙofa" in ya koma "Kofa" a fasta, mai karatu zai gane, amma ya san ba a kula ba.

Ƙananan rubutun nan dogaye da ke can ƙasa fa?

Sunayen kamfani da 'yan wasa da marubuci da darakta ne. A Amurka yarjejeniyar aiki ce ke ƙayyade tsayin haruffan sunan mutum gwargwadon tsayin sunan fim, ba ta ƙayyade faɗinsu ba, sai masu zane suka riƙa matse su su yi tsawo don duka su shiga. Gajeren fim ɗinka ba ya ƙarƙashin wannan yarjejeniya. Layi ɗaya ko biyu da za a iya karantawa sun ishe ka.

Malam, ni uwa ce. Ina wucewa da yarana ta gaban waɗannan hotuna a kanti. Babu mai sa ido a kansu ne?

Hajiya, akwai, kuma damuwarki a wurinta take. Fim ɗin da ake nunawa a sinima a Saudiyya sai an ba shi lasisi da alamar shekaru. Yawancin na ban tsoro R15 ko R18 za ki gani a kansu, ma'ana wanda bai kai 15 ko 18 ba ba a barinsa ya shiga. Sai dai fim yana bayan ƙofa, fasta kuwa tana waje inda ɗan shekara huɗu ke wucewa. A Amurka ƙungiyar kamfanonin fim tana da sashen da ke duba tallace-tallace daban da fim ɗin kansa. A 2005 sun ƙi amincewa da fastar farko ta Saw II saboda yankakkun yatsu biyu da ta nuna, sai da aka gyara hoton yadda ba a ganin wurin yankan.

Ni ina ganin wannan iyaka alheri ce ga sana'ar. Fastar mutumin nan mai jaka a ƙarƙashin fitila, babba ya kalla gabansa ya faɗi, yaro ya kalla ya ga mutum a ƙofar gida. Haka ya kamata aiki ya kasance. Idan kuma ɗanki ya ga wadda ta tsorata shi, kada a ce masa "ba komai" a ja shi a wuce. A gaya masa hoto ne, mutum ne ya zauna a kwamfuta ya haɗa shi, kamar yadda ake haɗa katin biki. Na sha buɗe wa yaran gidanmu aiki a kwamfuta ina cire shimfiɗun hoton ɗaya bayan ɗaya, duhun ya tafi, jan ya tafi, sai ga ɗan wasa tsaye a ɗaki mai haske. Daga ranar kallonsu ga fasta yake canzawa.

Ina ganin fina-finan aljanu na Turkiyya da Indunusiya suna sa sallaya da rubutun Larabci a fasta. Ya halatta a sana'ance?

Hukuncin shari'a na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan iya faɗa na sana'a ne da na zuciyata. Fina-finan ƙasashen Musulmi sun gano cewa gicciye da fada da cocin da babu kowa ba sa taɓa mai kallonsu, sai suka juya ga aljani da sihiri da makabarta. Jerin Dabbe da ya fara a 2006 da Siccin da ya fara a 2014 a Turkiyya a kan haka suka ginu. Wannan juyawar daidai ce. Inda ake zamewa shi ne ɗaukar ibada kanta a mai da ita abin tsoro. A 2024 an yi wani fim a Indunusiya mai suna Kiblat, fastarsa ta nuna mace cikin kayan salla a yanayin ruku'u amma fuskarta a juye sama tana ƙara. Malaman ƙasar suka yi tir, jama'a suka yi ca, kamfanin ya ba da haƙuri ya janye fastar, daga baya aka canza wa fim ɗin suna.

Ni ba na sa aya a fasta, ko ta wane irin fim. Takarda ce da za a cire bayan wata guda a naɗe, wata a yar, wata a taka. Kuma salla ita ce inda mai jin tsoro ke gudu ya sami natsuwa, ban ga ribar da za a ci ba in aka sa yaro ya riƙa tuna wata fuska duk lokacin da ya shimfiɗa sallaya. Aljani ma ba dole ne kullum ya zama dodo ba. Fim ɗin Hwjn da ya buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a nan Jidda a 2023 labarin aljani ne mazaunin garin nan, kuma ba don firgitarwa aka yi shi ba.

In za mu yi wa gajeren fim ɗinmu na Hausa fasta, me za mu sa wanda yake namu?

Wannan ce tambayar da na fi so, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Duk matashin da ya kawo mini aiki, kusan abu ɗaya nake gani: gidan katako mai bene, hazo, bishiyar da ta zubar da ganye, jemagu. Wannan tsoron mutanen ƙasar sanyi ne, inda dare ke tsawo, rana ke wuya. Ba a cikinsa muka tashi ba, ko waɗanda aka haifa a Kano ko waɗanda aka haifa a Shari' Mansur, unguwar Hausawa a Makka.

Ka tuna abin da kakarka ta hana ka. Fita da almuru, lokacin da haske bai tafi ba duhu bai zo ba, sama ta yi ja-ja. Zama a gindin tsamiya. Zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla. Leƙa rijiya. Shiga kango. Yawo da rana tsaka, lokacin da unguwa ta yi tsit. Wannan na ƙarshen har Larabawan Najad da na gabar Tekun Fasha suna da irinsa, Himaratul Gayla, wadda ake tsorata yara da ita kada su fita da tsakar rana. Ashe mu da su tsoronmu yana da haske a cikinsa. Launin mutuwa a wurinmu kuma fari ne, farin likkafani, fatalwa ma da fari ake siffanta ta. To me zai sa fastarmu ta zama baƙa ƙirin don kawai ta wasu haka take?

Ga irin abin da nake nufi. Tsakar gida da rana tsaka, ƙasa ta yi fari don haske, turmi a tsakiya, taɓarya a tsaye cikinsa babu mai riƙe da ita. Ko ƙofar zaure, takalma ƙafa uku a jere a bakinta, cikin ya yi duhu. Ko yarinya da tallar gyaɗa a kanta tana tafiya, inuwarta a ƙasa ba ta ɗauke da komai, kuma ta juyo tana kallonmu. Ko a nan Jidda, gidajen Balad, tsohon cikin gari, masu tagogin katako da ake kira rawashin, dukkansu a rufe, ɗaya kaɗai an ɗaga ɗan katakonta. Babu jini a ko ɗaya. Ƙa'idar dai ita ce ta mutumin nan mai jaka, kayan aikin ne suka zama namu.

Abu ɗaya da za ku yi faɗa da shi shi ne al'adar fastar Kannywood ta jera kawunan duk wanda ya fito a fim. Kowane ɗan wasa zai so a ga fuskarsa. Ku yi fasta biyu: ɗaya ta kawuna don su yaɗa a shafukansu, ɗaya ta gaskiya.

Na zana ta yi kyau a kwamfuta, da aka buga sai baƙin ya fito toka-toka. Me ya faru?

Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. In ka ba inji baƙar tawada ita kaɗai a fili mai faɗi, takarda na shanye ta ta dushe. Ana shimfiɗa mata sauran ukun a ƙarƙashi. Ma'aunin da aka saba, a kashi cikin ɗari na kowace tawada, shi ne shuɗi 60, ja 40, rawaya 40, baƙi 100, amma tambayi mai injin nasa ma'aunin kafin ka aika. Farin rubutu siriri a kan irin wannan baƙin yana iya fitowa da inuwar launi a gefensa in tawadar ba ta hau daidai ba, don haka ƙara masa kauri kaɗan. Jan jini kuma ja da rawaya ne a cike, da ɗan baƙi, in ba haka ba ruwan tumatir za ka samu.

Girman fastar sinima da aka saba inci 27 ne a 40, kusan santimita 69 a 102. Waɗanda ake sawa a akwatin haske gaba da baya ake buga su, bayan a juye kamar a madubi, don kada fitila ta wanke launin. Kuma duk abin da ka ɓoye a cikin duhun, ƙara masa haske fiye da yadda kake gani ya isa a allo. Nemi gwajin bugu ƙarami tukuna, riyal kaɗan ne.

Yanzu ai a waya ake ganin fasta. Duk wannan bai tsufa ba?

Ya ma ƙara amfani. A Netflix ko Shahid ko Instagram fastarka ba ta wuce girman babban yatsa ba. Mai kawuna goma ta zama tabo, mai abu ɗaya da fili tana nan daram. Ƙanƙanta aikinka ya koma santimita uku, riƙe wayar nesa da fuskarka, ka rage hasken allo. In har ana gane abin da ke ciki kuma ana karanta sunan, ya yi.

Da gaske ne tsofaffin fastoci suna kuɗi?

Na asali, e. Fastar The Mummy ta 1932 an sayar da ita dala 453,500 a gwanjo a 1997, ta Dracula ta 1931 kuma dala 525,800 a 2017. Dalilin tsadar shi ne ba don ajiya aka buga su ba, aikinsu na ƙarewa ake zubar da su, kaɗan suka tsira. Haka ya faru da na Gana. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo da janareta ƙauye-ƙauye sukan sa masu fenti su zana musu fasta a kan buhun fulawa da aka ɗinke, sau da yawa da ƙarin dodanni da jinin da babu su a fim ɗin. Ana naɗe su a tafi da su gari na gaba har su yage. Waɗanda suka rage yau masu tara kayan zane a Turai da Amurka ke nemansu, ana baje kolinsu a gidajen nuni. Wadda ka saya a kanti jiya kuwa sabon bugu ce, darajarta kuɗin takardarta. In kana da tsohuwar fastar fim ɗin Hausa ta zamanin kaset a cikin akwatin gidanku, kada ka ninke ta kuma kada ka manna mata salatif. Naɗe ta a kwali mai zagaye, ka ajiye inda laima da zafin Jidda ba za su kai gare ta ba.